Me Ya Sa Mutanen Indonesiya Suka Cunkushe a Tsibirin Java?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa Indonesiya tana da tsibirai fiye da 17,000, amma fiye da rabin mutanenta suna zaune a tsibiri guda, wato Java. Da na duba taswira sai na ga Java ɗin ɗan siriri ne, ga Borneo kusa da shi ƙato guda amma mutane kaɗan. Turawan mulkin mallaka ne suka tara su a can, ko kuwa akwai wani dalili? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. Ƙidayar 2020 ta nuna Indonesiya na da mutum miliyan 270, kuma kimanin miliyan 151 daga cikinsu a Java suke, wato kashi 56 cikin ɗari, a kan ƙasar da ba ta wuce kashi 7 cikin ɗari na faɗin ƙasar ba. Java bai kai girman jihohin Neja da Borno a haɗe ba. Ɓangaren Borneo da ke hannun Indonesiya, wanda suke kira Kalimantan, ya ninka Java sau huɗu a faɗi, amma a waccan ƙidayar mutanensa ba su kai miliyan 17 ba.

Turawan Holan suna da hannu a ciki, zan zo kansu. Sai dai ko da suka iso, sun tarar da Java ya riga ya fi maƙwabtansa jama'a. Tushen maganar yana cikin ƙasar noma.

A yankunan da ake ruwan sama kamar da bakin ƙwarya kusan duk shekara, ruwan yakan wanke sinadaran da shuka ke ci, ya nutsar da su can ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Shi ya sa dajin Borneo yake yaudarar ido. Za ka ga bishiyoyi sun yi sama, duhu ko'ina, ka ɗauka duk abin da aka shuka zai yi. Alhali abincin dajin yana jikin bishiyoyin ne da ganyen da ke ruɓewa a gindinsu. In aka yi sassabe aka ƙona, gona takan yi kyau shekara biyu ko uku, daga nan ta mutu, sai a bar ta ta huta shekaru a koma wani wuri. Irin wannan noma ba ya ɗaukar jama'a da yawa. A kudancin Borneo kuma akwai faffaɗan daji mai dausayi, wanda ƙasarsa ruɓaɓɓen itace ne da ganye da suka taru shekaru dubbai, ga tsami, shinkafa ba ta son sa.

Java kuwa yana zaune a kan inda wani ɓangare na ɓawon duniya, mai ɗauke da Ostareliya da tekun Indiya, yake kutsawa ƙarƙashin na Asiya. Wannan ne ya jera duwatsu masu aman wuta daga yammacin tsibirin har gabashinsa, irin su Merapi da Kelud da Semeru, wanda tsayinsa ya kai mita 3,676. Duk lokacin da ɗayansu ya yi amai, tokarsa takan rufe gonaki, koguna irin su Solo da Brantas kuma su kwaso ta su baza a kwari. Tokar nan taki ce, tana mayar wa ƙasa abin da ruwa ya wanke. Ba kyauta ba ce, domin aman Merapi na 2010 ya kashe mutum fiye da 300, amma da ƙura ta lafa manoma suka koma gindinsa. Borneo ba shi da irin waɗannan duwatsu masu rai.

Sai shinkafar fadama. Manomin Java yakan yanka gangaren dutse hawa-hawa, ya yi fangali, ya jawo ruwa daga sama yana gangarowa daga wannan gona zuwa waccan. Ana girbi sau biyu a shekara, wani wurin har uku, a gona ɗaya, kaka da kakanni, ba tare da an bar ta saura ba. Kuma noma ne mai cin hannu: dashe, gyaran kunya, tsaron ruwa, girbi. Duk ɗan da aka haifa akwai aikin da ke jiran sa da abincin da zai ci. Rarar wannan shinkafa ce ta gina Borobudur, katafaren wurin bautar mabiya addinin Buddha, a ƙarni na 9, ita ce ta riƙe daular Majapahit da aka kafa a 1293, da Mataram bayanta.

To, a nan Holan suka shigo. Kamfaninsu na kasuwanci ya kafa Batavia a 1619, wurin da yau ake kira Jakarta, kuma tun daga nan Java ya zama cibiyar mulkinsu. A 1808 Gwamna Daendels ya sa aka fara hanyar da ta ratsa tsibirin kusan kilomita 1,000, da aikin tilas, mutane da dama suka mutu a kanta. A 1830 aka shigo da tsarin noman dole: kowane ƙauye ya ware kashi ɗaya cikin biyar na gonakinsa ga rake ko baba ko wani amfanin da za a kai Turai, ga kuma gahawa da ake tilasta wa mutanen tuddai. A aikace abin da ake karɓa ya sha wuce haka, har aka yi yunwa a Cirebon da Demak a shekarun 1840. Domin rake ya isa tashar jirgin ruwa aka shimfiɗa layin dogo, na farko daga Semarang a 1867, aka haƙa magudanan ban ruwa, aka gina masana'antun sukari. Kusan duk wannan a Java aka yi. Sauran tsibiran wurin ɗibar roba ne da kuza da man fetur. Ƙidayar mutanen Java da Raffles, Baturen Ingila da ya mulki tsibirin na ɗan lokaci, ya yi a 1815 ta ba da kimanin mutum miliyan huɗu da rabi, ko da yake masana sun yarda an ƙirga ƙasa da gaskiya. Zuwa 1930 sun haura miliyan 40. Bayan 'yancin kai a 1945, gwamnati da manyan jami'o'i da masana'antu suka ci gaba da zama inda aka bar su, matashin Sumatra ko Sulawesi mai neman aiki kuwa sai ya nufi Jakarta ko Surabaya.

An sha ƙoƙarin rage cunkoson. Holan ɗin da kansu suka fara kwasar iyalai zuwa Lampung a kudancin Sumatra a 1905, bayan 'yancin kai kuma gwamnatin Shugaba Suharto ta faɗaɗa shirin da kuɗin Bankin Duniya, aka kwashe miliyoyi. Haihuwar da ake yi a Java ta shanye adadin, wasu kuma da suka tarar da ƙasar da aka ba su ba ta yin shinkafa suka dawo gida. A wasu wuraren rikici ya ɓarke tsakanin baƙi da 'yan ƙasa, kamar na garin Sampit a Kalimantan a 2001 tsakanin 'yan ƙasa ƙabilar Dayak da baƙi mutanen Madura, wani tsibiri a gefen Java, inda ɗaruruwa suka mutu. Wanda ya fi nuna maganar ƙasar noma a fili shi ne shirin da Suharto ya ƙaddamar a tsakiyar shekarun 1990, na mayar da hekta miliyan ɗaya ta dausayin tsakiyar Kalimantan gonakin shinkafa. Aka haƙa magudanai, dausayin ya bushe, shinkafa ba ta yi ba, busasshiyar ƙasar ta kama wuta a 1997, hayaƙi ya turnuƙe har Singafo da Maleshiya.

Yanzu Jakarta kanta nutsewa take yi, saboda yawan zuƙar ruwa da rijiyoyin burtsatse, kimanin kashi 40 cikin ɗari na birnin ya riga ya koma ƙasa da matakin teku. A 2019 Shugaba Joko Widodo ya sanar da mayar da babban birni gabashin Kalimantan, aka raɗa masa suna Nusantara a 2022. A ganina wannan zai ɗauke ma'aikatun gwamnati ne da ma'aikatansu. Ko da birnin ya tara mutum miliyan biyun da ake hasashe nan da 2045, bai kai kashi 2 cikin ɗari na mutanen Java ba.