An ce ina da ciwon sukari na masu juna biyu, sai na rage cin abinci

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Cikina ya shiga wata na bakwai. A wurin awo aka ba ni ruwan sukari na sha, aka ɗebi jinina, aka ce ina da ciwon sukari na masu juna biyu. Tun daga ranar sau ɗaya nake cin abinci a yini, ga jiri yana ɗibata. An kuma ce mini duk wadda aka fara yi wa allurar insulin ba ta rabuwa da ita. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki koma cin abincinki daga yau. Yunwa ba ta maganin wannan ciwo, kuma abin da ke cikinki yana bukatar abinci.

Mabiyiya, wato uwar cibiya, ita ke fitar da wasu sinadarai da ke hana insulin ɗinki, wato sinadarin da ke rage sukari a jini, aiki yadda ya kamata, kuma ƙarfinsu na ƙaruwa ne yayin da ciki ke tsufa. Shi ya sa ake gwajin tsakanin mako na 24 da na 28. Ba laifinki ba ne. Matsalar ita ce sukarin jininki yana tsallakawa ta cibiya ya je wa jariri, amma insulin ɗinki ba ya tsallakawa. Sai jaririn ya dinga ƙera nasa insulin da yawa, yana mayar da rarar sukarin kitse. Idan ya haura kilo 4, kai na iya fitowa kafaɗa ta maƙale, ko a kai ga tiyata. Bayan an yanke cibi kuma, sukarin da ya saba samu ya tsaya cak alhali insulin ɗinsa na nan da yawa, sai sukarinsa ya faɗi. Ke kuma haɗarin hawan jini da jijjiga yana ƙaruwa. Duk waɗannan suna raguwa sosai idan aka riƙe sukari.

Cin abinci sau ɗaya shi ne mafi muni: sukari ya faɗi da rana, ki zo ki cika ciki da daddare ya yi tashin gwauron zabi. Ki raba shi, manya uku marasa nauyi, da ɗan abin taɓawa biyu ko uku a tsakani. A farantinki, rabi ya zama ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu nama ko kifi ko ƙwai ko wake, ragowar kuma abinci mai sitaci. Lemon kwalba, ruwan 'ya'yan itace da shayi mai sukari ki ajiye su. Har zuma ma, da wasu ke ɗauka ba komai, sukari ce. Bayan kin ci, ki taka da ƙafa minti 15 zuwa 20, matuƙar ba a hana ki ba.

Sai awo a gida. Ki samu na'urar da ake tsira ɗan yatsa, ki gwada da asuba kafin ki sa komai a baki, sannan bayan kowane babban abinci, ki rubuta a littafi ki tafi da shi asibiti. Abin da ake so: ƙasa da 95 mg/dL kafin karin kumallo, ƙasa da 140 awa ɗaya bayan cin abinci, ko ƙasa da 120 bayan awa biyu. Idan na'urarki da mmol/L take lissafi, su ne 5.3, 7.8 da 6.7.

Mata da yawa abinci da motsa jiki sun ishe su. Idan mako ɗaya ko biyu suka wuce lambobin na sama, za a ba ki ƙwayar metformin ko insulin, kada ki ƙi. Maganar ba a rabuwa da allura ba ta da tushe a nan. Yawanci da zarar mabiyiya ta faɗi ake dakatar da ita. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska, ko jariri ya rage motsi, kada ki jira ranar awo.

Da kin haihu, ki sa shi a nono da wuri. Tsakanin mako 4 zuwa 12 ki koma a sake gwajin sukari, sannan duk shekara ɗaya zuwa uku, domin wadda ta yi wannan ciwo ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da ciwon sukari na dindindin. A ciki na gaba kuma, ki faɗa musu tun zuwan farko don a gwada ki da wuri.