Kyallen wuyan kare ta intanet, ko kayan doki a gida?

Wani ɗan kasuwa daga wani ƙauye kusa da Gumel, mai sayar da igiya da ragama da ƙararrawar dabbobi a kasuwar Maigatari duk Alhamis, ya aiko da wannan tambaya: "Yarona ya nuna mini a waya cewa mutum zai zana hoto ya tura wa wani kamfani, su buga a kyallen wuyan kare ko kwanon abincin kyanwa, su kai wa mai saye, kai kuma ka karɓi riba ba ka sayi kaya ba. Ina da naira dubu ɗari biyu a ajiye. In zuba su a nan?"

Malam, yaronka bai yi ƙarya ba, sana'ar tana nan. Kamfanoni irin su Printful da Printify, waɗanda dukansu tushensu ƙasar Latbiya ne, abin da suke yi ke nan. Za ka ɗora zanenka a shafinsu, ka zaɓi abin da za a buga shi a kai, ka haɗa da shagonka na intanet, misali a Etsy ko Shopify. Ba sa buga ko ɗaya sai wani ya biya. Shi ya sa ba ruwanka da kwantai, ba ruwanka da hayar sito.

Amma ka tambayi kanka, wa zai saya? Masu sayen irin wannan kaya yawanci suna Amurka da Turai, inda kare yake kwana a falo, ana yi masa hidima kamar ɗan gida. A wajenmu kare na gadi ne da farauta. Ba na jin akwai mafarauci a ƙasar Gumel da zai biya dala don a rubuta sunan karensa a kyalle. To ashe kasuwarka tana wata duniya, da Turanci ake cinikinta, kuma dubban mutane sun riga ka baza kaya a can. Kamfanin bugawa yake yi kawai, ba ya nemo maka mai saye. Talla a kanka take, kuma a nan kuɗi ke zurarewa.

Ga lissafi, a matsayin misali kawai. Ka sa kyalle dala 20. Kamfani ya cire 10 kuɗin kaya da bugu, aikawa ta ci 4, shagon ya yanki 2. Saura 4. In ka kashe dala 5 a talla kafin mutum ɗaya ya saya, ka yi aikin baban giwa, har da ciko daga aljihu. Sannan sau da yawa kamfanin daga katinka yake cire kuɗinsa nan take, kai kuwa sai daga baya shagon zai biya ka. Don haka kafin a zana komai, sai an tabbatar da abu biyu: shagon yana karɓar mai sayarwa daga Najeriya, kuma akwai hanyar da kuɗin za su iso asusunka. Tun da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023 canji bai cika zama wuri ɗaya ba, wannan ma a sa shi a lissafi.

In yaron yana da sha'awa, bar shi ya gwada, buɗe asusu a kamfanonin nan kyauta ne. Ya yi zane a manhajar zane ta Canva, ya fitar da hoton da girma sosai don kada bugu ya dushe. Kada ya ɗauki tambarin ƙungiyar ƙwallo ko hoton wani ya liƙa, rufe shago ake yi a kan haka. Ka ware masa abin da in ya tafi ba zai hana ka barci ba, kamar kashi ɗaya cikin goma na ajiyarka.

Ni abin da ya fi ja mini hankali shi ne dabarar kanta, wato kada a yi kaya sai an biya. Wannan za ka iya kawo ta gida, domin mu ma muna da dabbar da ake kashe wa kuɗi ba a ji ciwo ba: doki. Dubi samarin kilisa, dubi hawan angwanci, dubi hawan sallah a Gumel da Haɗeja da Kazaure da Ringim da Dutse. Mai doki yana son a gane dokinsa daga nesa. Kyallen da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin sirdi mai sunan ƙungiya, riguna iri ɗaya na 'yan rakiya, ko ɗamarar wuyan rago mai sunan gidan kiwo gab da layya, duk waɗannan mutanen da ke tsayawa a rumfarka ne masu sayensu.

Yadda za ka yi ba wuya. Sayo yadi mai kauri a Kantin Kwari, ka sami mai buga riguna a Kano, ka yi samfuri uku kacal. Kafin ka nuna wa kowa, wanke ɗaya da sabulu ka shanya a rana, ɗaya kuma ka ba wani mai doki ya yi mako yana hawa da shi. Gumin doki da gogayyar sirdi suna ɓare bugun da aka manna da zafi, in ka ga ya fara tsagewa sai ka koma ɗinkin zare a wajen mai keken surfani, ko ka sa rubutun a gefen da ƙafar mahayi ba ta gogawa. Na wuyan rago kuma a bar sararin yatsu biyu, kada ya shaƙe dabba.

Wanda ka wanke da na ukun ka rataye a rumfa, yaron ya ɗauki hotonsu ya sa a WhatsApp. Duk wanda ya ce yana so ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, kuma ya rubuta sunan da hannunsa ko ya turo a saƙo, don kayan da aka buga wa sunan wani ba ya sayuwa ga wani. Ka tara aiki biyar ko goma kafin ka shiga motar Kano, in ba haka ba kuɗin mota zai cinye ribar. Aikin hawan sallah kuwa a rufe karɓarsa tun tsakiyar azumi, saboda a goman ƙarshe masu bugu da teloli ba sa ɗaga kai.