Tambaya da amsa: Inna ta ce a cire sunanta daga tallafi, wai ba ta biyan lanho

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Zinder nake rubuto maka, hankalina a tashe. Shekara 4 ke nan da rasuwar mahaifinmu, ya bar Inna da ƙannena biyar. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi tana kaiwa kasuwar Dole. Bana aka zo aka bi gida-gida a unguwarmu ana tambayoyi, sunanta ya fito cikin waɗanda za a ba tallafin kuɗi. Sai Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda ma'aikacin gwamnati ne, ya faɗa a gaban jama'a wajen wani suna cewa su ake yanka wa albashi duk wata ana ciyar da ƴan zaman kashe wando da ba su taɓa biyan ko dala ba. Tun ranar Inna ba ta cin abincin kirki. Ta ce in je a cire sunanta, ba za ta ci gumin wani ba. Wata maƙwabciya ta ƙara da cewa duk wanda ya karɓa, ƴan lanho, wato masu karɓar haraji, za su biyo shi daga baya. Ga kuma wani yaro da ya ce a ba shi jika 2 don kada sunan ya ɓace. Malam, gaskiya ne ba mu da hakki? In je a cire?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴata. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya raya abin da ya bari. Kada ki je ko'ina a cire sunan nan, kuma kada ki ba yaron nan ko dala. Zan dawo kansa. Bari in fara da maganar Baffa, domin ita ce ta hana Inna cin abinci, kuma ita ce maganar da na fi ji a duk tsawon shekarun da na yi ina aikin karɓar haraji, har yanzu da na ajiye aikin ban daina jin ta ba.

Ana cewa mai albashi ne kaɗai yake biyan lanho. Wannan magana ƙarya ce, ko da mai faɗinta bai san ƙarya yake yi ba.

Na san inda ta samo asali. Turawan Faransa sun shigo Damagaram a 1899, Zinder ce ma hedikwatar mulkinsu daga 1911 har 1926, kuma harajin da suka ɗora kuɗin kai ne: a ƙirga mutanen gida, mai gari ko mai unguwa ya tara, wanda bai biya ba ya ga wulaƙanci. Makiyayi kuma ga jangali a kan kowace dabba. Kakanninmu sun ba mu labarin mutumin da ya sayar da akuyarsa, da wanda ya tsallaka iyaka ya bar gonarsa saboda kuɗin kai. A zamanin Seyni Kountché, da kuɗin uranium suka shigo, gwamnati ta sauke wa talaka wannan kaya. Amma har yau abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne, haraji takarda ce da ake kawo maka da sunanka a kai. Wanda ba a kawo wa ba sai ya ɗauka ba ya biya, maƙwabcinsa ma ya ɗauka haka.

To, ki zauna da Inna ku yi lissafin da zan faɗa miki. A Nijar harajin TVA kashi 19 cikin ɗari ne, yana cikin farashin kaya tun kafin su iso hannun mai saye. Idan ta sa katin waya na jika ɗaya, wajen dala 32 daga ciki na baitulmali ne. Sabulun da take wanki da shi, atamfar da take yi wa ƙannenki ta salla, batirin cocila, bokitin roba, kwanon rufi idan damina ta yaye ɗaki, duk sun biya, waɗanda suka shigo daga waje kuma sun biya duwan a kan iyaka. Ɗan kasuwa shi ya miƙa kuɗin, amma ba daga aljihunsa ba, ya ɗora a farashi. Ɗan kabu-kabun da yake kai mata jarkar mai kasuwa ya sha man da aka tace a matatar SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011, kuma a cikin kuɗin kowace lita akwai kason gwamnati. Daga ina ya fitar? Daga kuɗin da Inna ta ba shi. Gaskiya ne an ɗauke wa hatsin da ba a sarrafa ba wannan haraji, an sassauta wa wasu kayan abinci, amma wane gida ne yake rayuwa da tsabar gero kaɗai?

Sai tikitin kasuwa. Wannan da idona na sha gani. Da sassafe, mace ta sauke tire, ba ta ko gama jera kwalaben mai ba, ba ta yi cinikin fari ba, mai tikiti ya tsaya a kanta da ɗan littafinsa. Sai ta jawo bakin zane, ta kwance ƙullin da haƙori, ta ƙirga masa tsabar da ta kwana da ita don kuɗin koko na yara. Ya yage takarda ƴar ƙarama ya miƙa mata, ta cusa a ƙarƙashin tire. A ce dala 10 take biya a rana, kuma tana fita kwana 300 a shekara. Jika 15 ke nan. Ki tambayi Baffa, cikin ladabi, ko ya taɓa yin wannan lissafin.

Abin da ya fi ci mini rai, talaka duk abin da ya samu yau, yau zai kashe shi, don haka kusan kowace dala tasa sai ta bi ta ƙofar haraji. Mai hali yana kashe kaɗan, ya ajiye saura, ya sayi fili, ya sayi shanu. Idan aka auna da abin da kowa yake samu, sau da yawa mai tire ta fi mai babban shago jin nauyin abin. Ita ce kuma ake nuna wa yatsa a wajen suna.

Ba zan zalunci Baffa ba. Harajin albashi da gaske ne, ana cire shi tun kafin kuɗin su taɓa hannunsa, yana ganin sa a rubuce a takardar albashi duk ƙarshen wata, ba shi da hanyar ɓoyewa, alhali yana ganin manyan ƴan kasuwa suna sasantawa ta bayan gida. Zafinsa yana da dalili, sai dai ya sauke shi a kan wadda ba ta ci masa komai ba. Ya kuma manta cewa albashin nasa kansa daga tukunya ɗaya yake fitowa, tukunyar da katin wayar Inna da sabulunta da tikitinta suke zuba wa ruwa. Masu albashi a ƙasar nan ƴan ƙalilan ne. Mafi yawanmu noma ne, kiwo ne, sana'ar hannu ce, talla ne. Da harajin albashi kaɗai gwamnati ta dogara da shi, da ba ta iya biyan albashin ba.

Sannan kalmar nan ta zaman kashe wando. Matar da take tashi kafin kiran asalatu ta soya gyaɗa, ta kai niƙa, ta tsaya kan turmi tana matsar mai har kafaɗunta su yi tsami, ta murza ƙuli ta soya, ta sayi gyaɗar manomin Matameye ko Magariya da kuɗinta, ta ba mai injin niƙa aiki, ta ba ɗan kabu-kabu aiki, ta ciyar da marayu biyar, ta tura su lakwal da allo, ita ce mai zaman kashe wando? A garin nan da kowa ya san wahalar ruwa, wa yake bin layin famfo da jarka tun dare? Aikin da ba a biya ka albashi a kansa ba, ba ya shiga takardun ofis, shi ya sa ƴan boko da yawa ba sa ganin sa. Yaran da take renon su ne gobe za su zama malamai da direbobi da sojoji, su za su biya harajin da za a ba Baffa fansho da shi.

Kuma a ce ma ba ta iya komai. A ce tsufa ya kwantar da ita, ko makanta, ko kuturta irin ta bayin Allah da aka taɓa warewa a unguwar Kara-Kara. Sai a ce ba ta da hakki? Haraji ba adashi ba ne da za a ce sai wanda ya zuba zai kwasa. Jaririn da aka haifa jiya bai biya komai ba, amma tun 2006 dokar ƙasar nan ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocin gwamnati, haka ma tiyatar haihuwa, ko da yake sau da yawa za a rubuto maka magani a ce ka saya a waje. Ba wanda ya ce a nemi takardar lanhon jariri. Ko dokar kuɗin kan da ya rage, na ma'aikatar magajin gari, ta ɗauke wa tsofaffi da naƙasassu da ɗalibai. Addininmu ma ya riga kowa: aya ta 60 a Suratut Tauba ta jera waɗanda ake ba zakka kashi takwas, ta fara da faƙirai da miskinai, ba ta gindaya sharaɗin sai sun taɓa bayarwa ba. Malamanmu kullum suna karantar da cewa hakki ne da ke cikin dukiyar mai dukiya. Mutum ya yi salla a sahun gaba, ya fito ya kunyata matar wansa mai riƙon marayu a gaban taro, to ya binciki kansa, ya ji tsoron Allah.

Na tsaya a kan wannan ne saboda na ga ɓarnar da yake yi. Na ga dattijon da ya ƙi zuwa sayen hatsin farashi mai rahusa da OPVN, hukumar ajiyar abinci ta ƙasa, take fitarwa lokacin bazara da farkon damina, wai kada a ce ya zama almajirin gwamnati, ya je ya ci bashin buhu ɗaya a kan buhu biyu da kaka. Na ga uwar da ta riƙe yaro a gida da zazzaɓi kwana uku tana jin nauyin zuwa wurin kyauta. Mai ganin ba ya biya ba ya tambayar ina aka kai kuɗin, ba ya neman a kwashe sharar bakin kasuwa ko a gyara magudanar ruwa, komai aka yi masa sai ya ɗauka alfarma ce. Ɓarayin dukiyar jama'a ba abin da suke so irin wannan.

Maganar maƙwabciya ba ta da tushe. Masu bin gida-gida na tallafi suna tambayar yawan mutanen gida, irin ɗaki, dabbobi, sau nawa ake ɗora tukunya, don su gane wa ya fi buƙata. Ofishin haraji aikinsa daban, yana bin ciniki da albashi da gine-gine, tallafin da aka ba mabuƙaci kuma ba ciniki ba ne. Babban shirin irin wannan da gwamnati ta fara a 2011 tare da Bankin Duniya ya riƙa ba gida jika 10 a wata har wata 24, kuma mata aka riƙa damƙa wa a hannu da gangan, don an san inda kuɗin mace suke tafiya. Kuɗin irin waɗannan shirye-shirye wani ɓangare kyauta ne daga waje, wani bashi ne a kan ƙasa, bashin kuwa kowa zai biya, har da Inna da jikokinta.

Yanzu yaron jika 2. Ɗan damfara ne, ko da kuwa yana rataye da kati a wuya. Shiga jerin tallafi ba a biyan ko sisi, zama a cikinsa ma haka. Irinsu na san su: su leƙa jerin sunaye, su ga wanda ya riga ya fito, su zo su sayar masa da abin da yake nasa. In kin ba shi yau, ranar biya zai dawo neman kasonsa. Ki je wurin mai unguwa tare da wani babba namiji ko mace mai faɗa a ji, ki faɗi abin da ya faru, ki tambayi kwamitin karɓar koke na shirin, domin irin waɗannan shirye-shirye suna kafa shi. Za a iya yi miki je-ki-dawo, na sani, ni ma na zauna a bayan tebur na ga yadda ake ajiye takardar talaka a ƙasan tari, abin yana ba ni kunya har yau. Ki daure ki koma. Katin shaidar Inna da katin shirin kada su kwana a hannun kowa. Ranar biya ta je da kanta, ta ƙirga kuɗin a gaban mai bayarwa kafin ta dangwala yatsa.

A kasuwa kuma, idan mai tikiti ya ce ta kawo rabi ba sai ya yaga takarda ba, kada ta yarda, domin wannan rabin aljihunsa zai shiga, gobe kuma wani zai zo ya ce ba ta biya ba. Ki samo mata gwangwanin madara mai murfi ta riƙa tara tikitin a ciki. Baffa kuwa kada ki tare shi da gardama, ubanki ne. Ki sami babbar gwaggonku ko limamin unguwa su yi masa magana a keɓe, in da hali ya tako da ƙafarsa ya gaishe da Inna. In wata ya cika, ki juye gwangwanin a kan tabarma ku ƙirga tare da ita.