Kafin mu je wurin Alhajin nan

Lawandi, ka tambaye ni ko ya dace ka leƙa Facebook ɗin Alhajin da za mu gani gobe a Ƙofar Ƙaura, mai son a yi mashi kujerun sabuwar makarantarshi. Leƙa mana. Mu a zamaninmu sai an tura yaro wurin mai shayin unguwa ya jiyo labari, ku kuwa ga abin nan cikin aljihu.

Sai dai ka san abin da ya kai ka. Hotunan makarantar za ka duba. 'Yan nazare ne ko 'yan sakandare? A benci suke zama ko kowa da kujerarshi? Nan za mu san tsayin samfurin da za mu ɗora a Napep, mu san ko maganar ƙafar ƙarfe za a yi ko ta katako. Sannan ka sa sunan makarantar a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, duba suna kyauta ne, ka ga ko da rajista. Wanda za ka ciyo bashin katakon kujera 200 saboda ɗan kafin alƙalaminshi, ai gara ka san da wa kake yi.

Inda ake kwafsawa shi ne baki. Shekarun baya na je wurin wani ɗan kasuwa a Daura, bayan an nuna mani a waya cewa ya aurar da ɗiya. Ina zama na washe baki na ce, "Alhaji, Allah ya sanya alheri, ya gajiyar biki?" Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce babbar ɗiyarshi tana aji uku na firamare. Ashe wani mai irin sunanshi ne can Malumfashi. Aikin dai na samu, amma har yau in muka haɗu sai ya ce, "Malam kafinta, ya gajiyar biki?"

Don haka in ka ga sanarwar rasuwa, ka kuma tabbatar shi aka yi wa rasuwar, gaya mani, da ta'aziyya za mu fara. Hoton iyalinshi kuwa, ka yi kamar ba ka gani ba, babu magidancin da ke son baƙo ya san sunan matarshi. Jam'iyyarshi ma bar ta inda ka gan ta, ko da jam'iyyarku ɗaya.

In mun shiga ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaishe shi, ka bar shi ya ba mu labarin makarantar da bakinshi, ko da ka riga ka san komai. Ƙarfe takwas za mu tashi, kuma kada ka sake barin tef a shago irin na rannan.