Shanun baƙi a gonar gado

Tambaya: Malam, tun ina yaro, duk kaka in mun kwashe amfani, wasu makiyaya kan sauka a gonarmu su yi wata biyu. Marigayi Baba da kansa yake nuna musu inda za su kafa turke. Bara shanunsu suka faɗa wa waken ƙanena tun ba a rore shi ba, ya rantse ba za su ƙara sauka ba. Ni kuma ina jin nauyin dattijonsu. Yaya zan yi?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. Amma ɗan'uwa, ba kirki kaɗai ya sa yake tarbarsu ba, ciniki ne. Shanu su ci kara da harawa, su bar masa taki. Na gani da idona a gonar kakana: inda garke ya kwana wata guda, da damina shukar wurin sai ta yi duhu don kore, ta kere ta gefenta, tun daga bakin hanya kana gane iyakar turken.

Yau takin zamani ya shigo, kara ya zama abin sayarwa, noman rani ya mamaye bakin rafin da shanu ke sha, burtali kuma kowa ya ɗan yago kunya biyu ya haɗe da gonarsa. Saniya ba ta da fiffike.

Ba mu kaɗai ba ne. A Sifaniya, tun 1273 sarki ya amince da ƙungiyar masu tumaki da ake kira Mesta, aka ware musu hanyoyi, manyansu faɗin kusan mita 75, kuma duk da haka sun sha shari'a da manoma. ECOWAS ma a 1998 ta tsara yadda makiyaya za su ƙetare iyaka da takardar shaida.

Ƙanenka yana da gaskiya, a biya shi ɓarnarsa. Amma kada ku jira sai shanu sun iso. Ka je wurin dattijon tare da ƙanen naka da mai unguwa, ku tsayar da ranar shiga bayan an gama roro, da hanyar zuwa ruwa, da sharaɗin babba ne zai riƙa bin garke, ba yaro ɗan shekara goma ba. In ƙanenka ya ƙi, rabonsa ne. Ka sauke su a naka ɓangaren, nesa da iyakarsa.