Amsa ga almajirina kan laifin tafiya da ƙwallo

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa a wasannin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka ake busa wa wani ɗan wasa laifin tafiya da ƙwallo, wato yin taku fiye da yadda doka ta yarda alhali ƙwallo tana hannunsa, a ƙyale wani da ya yi irin motsinsa, har ka ce kana zargin ko alƙalan can ba su iya aikin ba. Kafin ka yanke musu hukunci, ina so ka fara tantance littafin dokar da kake auna su da shi, domin littattafan uku ne, kuma ba su yi daidai da juna ba a kan wannan batu.

Gasar ƙwararru ta NBA tana ƙyale takun da ɗan wasa ya yi a lokacin da yake tattara ƙwallo a hannu, sai bayansa a fara ƙirga taku biyu, kuma ta rubuta hakan ƙarara a dokokinta a 2019. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, wadda dokokinta muke bi a filayenmu na nan gida, ta karɓi irin wannan ƙirga tun 2017. Ita kuwa NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta gina hukuncinta ne a kan ƙafar turke. Idan ɗan wasa ya kama ƙwallo ƙafarsa ɗaya tana ƙasa, da zarar ɗayar ta sauka, ta farkon ta zama turke. Yana da damar ɗaga ta domin ya jefa kwando ko ya miƙa wa abokin wasa, amma ba zai mayar da ita ƙasa ba sai ƙwallon ta bar hannunsa. Idan kuma zai fara buga ƙwallon a ƙasa ne, wajibi ta bar hannunsa tun kafin turken ya ɗagu. Saboda haka motsin da yake halal a NBA zai iya zama laifi a jami'a, kuma mai kallon da ya saba da wancan zai rantse an zalunci ɗan wasansa.

Wahalar aikin tana cikin ƙiftawar ido guda, wato lokacin da ƙwallo ta zauna a hannu. Wanda bai ga wace ƙafa ce a ƙasa a daidai wannan lokaci ba, duk ƙirgar da zai yi daga baya zato ce kawai. Sabon alƙali idonsa yana bin ƙwallo da kafaɗu, sai ya ga dogon taku ko kaucewa gefe irin ta 'yan wasan Turai, abin ya yi masa baƙo, ya kai usur baki. Baƙon motsi ba shi ne laifi ba. Idan ba za ka iya nuna wa koci da yatsa cewa ƙafar hagu ce turke, ta ɗagu ta kuma sauka kafin jifa ba, to bar usur ɗinka ya huta.

Kada ka ɗauka cewa kuskuren yana tsayawa ga busa abin da bai faru ba. Ka nemi bidiyon wasan ƙarshe na gasar jami'o'i ta 1993 a New Orleans, tsakanin Michigan da North Carolina, ka kalli daƙiƙu ashirin na ƙarshe. Michigan tana baya da maki biyu, 73 da 71, sai Chris Webber ya cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando, ya yi kamar zai miƙa, ya fasa, ya ja ƙafar turkensa a fili kafin ya fara bugawa. Mutanen bencin North Carolina suka miƙe suna ihu, amma ba a busa ba. Ya ruga zuwa kusurwa, aka tsare shi, ya nemi a dakatar da wasa don ɗan hutu alhali ƙungiyarsa ta riga ta cinye nata, aka hukunta su, wasa ya tashi 77 da 71. Jama'a suna tuna hutun, mu kuwa masu wannan sana'a ta alƙalanci ƙafar ce darasinmu. A ganina wurin da abin ya faru shi ne wurin da alƙali ya fi sakin jiki: an cafe ƙwallo, babu mai matsa wa ɗan wasa, hankali ya riga ya tafi ɗaya ɓangaren filin.

Game da ingancin alƙalan, akwai abin dubawa, amma ba inda masu zagi suke nunawa ba. Su uku ne a fili, ɗaya a ƙarƙashin kwando, ɗaya a gefe ta tsakiya, ɗaya yana biye daga baya, kowa da yankinsa, kuma yawancin kuskure yana aukuwa ne a kan iyakar yankuna biyu, inda kowa yake zaton ɗan'uwansa yana kallo. Ƙari a kan haka, ba ma'aikatan dindindin ba ne. Rukunonin jami'o'i ne suke ɗaukar su haya suna biyan su wasa-wasa, don haka wanda ake rububinsa yakan yi wasa yau a wannan jiha, gobe a waccan, ya kwana a hanya. Gajiyayyen alƙali yakan makara da taku guda wajen tsayawa, kuma taku gudan nan ya isa jikin mai tsaro ya rufe masa ƙafafun mai ƙwallo. Bidiyo ma ba ya ceto a nan, domin tafiya da ƙwallo ba ta cikin abubuwan da aka yarda a je a sake dubawa a allo, alhali mai kallo a gida ana maimaita masa motsin a hankali daga kusurwoyi da dama.

Ga aikin da zan ba ka kafin wasanmu na gaba. Ka ɗauki rabin wasa guda na jami'a, ka kashe sautin mai sharhi, duk lokacin da ɗan wasa ya kama ƙwallo ka furta da baki ko hagu ko dama ce turke, sannan ka mayar da bidiyon baya ka duba. Ka rubuta wuraren da ka kasa faɗa, ka zo mini da su, mu duba inda alƙalin da ke kusa ya tsaya a kowannensu.