Tambaya da Amsa: Shin A Yi Wa Tsohon Soro Yaɓen Siminti?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mun gaji gidan ƙasa wanda kakanmu ya gina, mai zaure da zankwaye huɗu da zanen dagi a saman ƙofa. Daminar bana ta cinye gindin bangon gabas, zanko ɗaya kuma ya karye. Yayyena sun ce a yaɓe fuskar gidan da siminti, a shafa fenti, a huta da gyaran kowace shekara, ni kuwa ina gudun kada kamannin gidan su ɓace. Mece ce shawararku?
Mai karatu daga Argungu, Jihar Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan kakanku, ya kuma haɗa kanku a kan wannan gado. Yayyenka suna da hujja, domin gyaran gidan ƙasa ɗawainiya ce mai cin kuɗi da lokaci, amma maganin da suka kawo ya fi ciwon illa.

Bangon ƙasa yana tsotsar danshi daga gindinsa da damina, ya kuma fitar da shi ta fuskarsa idan rana ta buɗe, kuma da wannan shiga da fitar ne yake daɗewa. Siminti kuwa ba ya barin danshi ya fita yadda ya kamata, ba ya kuma kama ƙasa kamun gaskiya, saboda zafin rana da sanyin dare ba sa motsa su daidai da juna. Ba a daɗewa sai tsaga ta bayyana, ruwa ya bi ta ciki ya rasa mafita, tubali ya jiƙe a ɓoye, gara kuma ta samu inuwar da take so. Idan kana son shaida, ka nemi wani gidan ƙasa a unguwarku da aka yi wa irin wannan yaɓen, ka ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa. Inda ka ji yana amsawa kamar ganga, to simintin ya rabu da ƙasar, sauran kawai ya ɓalle da faɗinsa, ya tafi da adon da ke ƙarƙashinsa. Fentin mai da tayil ma haka suke toshe bango, kuma tayil a fuskar soro, a ganina, ko kyan gani ba shi da shi.

Abin da ya kamata ku fara bincika shi ne hanyar ruwa. Ba mamaki bangon gabas ne ya fi jin jiki, tun da daga can hadari ya fi tasowa a ƙasarmu, ruwa da iska suna dukansa kai tsaye. Ku hau saman soron ku duba indararo: ko ya toshe, ko ya yi gajarta har ruwa yana zuba a jikin bango maimakon ya faɗa nesa da shi. Ku duba rawanin ginin, wato ɗan bangon da ya kewaye saman soro, da bakin azara, domin giginyar da ake yin azara da ita tana jure gara, amma idan ruwa ya daɗe yana kwanciya a kanta sai ta ruɓe. Sannan ku sauko ƙasa. Sau da yawa hanya ce aka yi ta cikewa har ta fi daɓen gida tudu, ruwan unguwa ya riƙa taruwa a gindin gini. A nan ne siminti yake da amfani: a gyara magudana, a yi daɓe mai gangare wanda zai kore ruwa daga bango. Dakalin da magabata suke yi a ƙofar gida ba don zaman hira kaɗai ba ne, kariya ce ga gindin zaure, saboda haka kada a rushe shi.

Shi kuwa bangon, da irin ƙasarsa za a gyara shi. A kankare abin da ya rududduge, a yayyafa ruwa, a cike gurbin da kwaɓin jar ƙasa da ramno, wato yankakkiyar ciyawa, wanda aka bari ya kwana biyu ko uku ya tsumu, kuma a riƙa ɗorawa kaɗan-kaɗan, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. A bisa wannan sai a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ce take ba bango duhun jan nan, take kuma sa ruwa ya zame. Saman soro da rawani da zankwaye sun fi buƙatar laso, haɗin katsi na marina (abin da ke kwantawa a ƙasan ramin rini) da gashin jima (wanda majema ke cirewa daga fata) da dafara (wani tsiro mai yauƙi). Katsi ya yi wuyar samu yanzu da marinu suka ragu, don haka ku fara cigiyarsa da wuri. Lokacin aikin shi ne bayan ɗaukewar ruwa, idan bango ya bushe sosai. In kuma aka shiga hunturu, a riƙa kare sabon yaɓe daga iska, domin saurin bushewa yana tsattsaga shi.

Kafin kowa ya taɓa zanen dagin, ku ɗauki hotonsa daga kusa da kuma daga nesa, ku auna tsawon zankwayen da suka rage, domin a tayar da na huɗun daidai da ’yan’uwansa. Kada a ba birkila wannan aikin don kawai ya iya bulo. Ku nemi tsohon magini ta hannun Sarkin Magina. Ku kuma kai yayyenka gidan tarihi na Kanta da ke nan garinku, wanda ya kasance fadar sarki har 1942 kafin a mai da shi gidan tarihi a 1958, su ga irin ƙimar da tsohon gini yake da ita idan an riƙe shi.

Sharaɗi guda ne zai sauya wannan shawara. Idan bangon ya karkata, ko kun ga tsaga mai faɗi da ta taso daga sama tana ƙara buɗewa, to magana ta wuce yaɓe. Ku fitar da mutane daga wannan ɗakin, ku tokare rufin, ku kira magini da injiniya su duba tare kafin damina ta sake zagayowa.